Babur mai bugu biyu: da sanyi yana tashi, da zafi ko tari ba ya yi

Ɗan Tsere:
Assalamu alaikum, manya da sa'o'i. Babur ɗina na daji ne ya sa ni a gaba. Injin mai bugu biyu ne, 250cc, mai lagireto da kafireta, da kik ake tayar da shi, ba shi da batir. Da safe in na ja cok, nan da nan yake tashi. A kan hanya ma ba ni da ƙorafi, yana ja, yana amsa totur. Matsalar tana farawa ne in ya ɗau zafi sosai na kashe shi, ko ya mutu da kansa a tsakiyar hawan tudu. Sai in yi ta dukan kik har cinyata ta sage, ko tari ba zai yi ba. In na ƙyale shi kamar rabin awa ya huce, sai ya tashi lafiya lau. Na sa sabon fulogi, na wanke soson iyakilina, duk a banza. Abu ɗaya da na lura, in akwai gangara kusa na tura shi a giya ta biyu, yawanci yakan kama. Haɗin maina 40:1 ne, wato fetur kashi 40, man 2T mai shafe injin kashi ɗaya. Don Allah a taimaka min da shawara kafin in shiga sayen kaya barkatai.

Baba Bakanike:
Wa alaikumus salam. Yaro, yaushe rabonka da buɗe kan injin nan?

Ɗan Tsere:
Baba, tun da ya zo hannuna ban buɗe ba. Wanda na saya a wurinsa ya ce bai daɗe da canja fistin ba.

Baba Bakanike:
Duk mai sayar da babur haka yake faɗa. Ni dai rin nake zargi, zoben nan da ke jikin fistin. Ka ga, da sanyi man haɗin da ya kwana a bangon silinda yana da kauri, shi ke cike 'yar ratar da ke tsakanin rin da bango, sai matsi ya samu ko da rin ya cinye. Da injin ya gasu, man ya tsinke, silinda ta ɗan buɗa, sai matsin ya riƙa zurarewa ta gefen fistin. Ƙafarka ba za ta juya injin da saurin da zai cike wannan asarar ba, amma taya a kan gangara za ta iya. Shi ya sa turawa ke yi maka aiki.

Kuma ka tuna mai bugu biyu ba shi da bawul a kai irin na mai bugu huɗu. Fistin ne ke buɗe ƙofofi, shi ke rufe su, shi ke matse mai a sama, shi ke tsotso shi ta ƙasa zuwa ɗakin karanshaf. In ya yi sako-sako, ayyukan nan duka ne za su yi rauni lokaci guda. Babur ɗin tsere da awannin aiki ake lissafa rin ɗinsa, ba da shekara ba. Nemi ma'aunin kwamfireshan ka ɗaura a ramin fulogi, ka murɗe totur har ƙarshe, ka yi ta bugawa har allura ta daina hawa. Lafiyayyen 250 na tsere yakan wuce 150 psi. In ka ga ya gangaro wajen 120, ka san inda cutar take.

Mai Wayarin:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma turawar nan ai ni ma hujjata ce. Babur marar batir, wutarsa gaba ɗaya daga magineto take fitowa. Faifan maganaɗisu yana zagaye kwayil na ciki, kwayil ya haifar da wuta ya tura wa CDI, wato ɗan akwatin lantarki mai sarrafa wutar, CDI ya tara ya saki wa kwayil na waje, shi kuma ya ninka ya kai fulogi. Ƙarfin wutar farko yana bin saurin juyawa ne. A kik ta fi rauni, a turawa ta fi ƙarfi. To kwayil na ciki siririyar wayar jan ƙarfe ce aka nannaɗe, da wani shafi a jikinta da ke hana ta taɓa juna. In ta tsufa, zafi yakan buɗa wata 'yar karaya a ciki, ko shafin ya saki wayoyi su haɗu. Da ta huce sai ta koma daidai. Ko lafiyarta ƙalau ma, jan ƙarfe yana ƙara turjiya kusan kashi 4 cikin ɗari a duk digiri 10 na zafi, balle wadda ta riga ta gaji.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ya ce ko tari ba ya yi. Injin da rin ɗinsa ya cinye yakan yi ƙoƙari, ya yi kamar zai kama ya fasa. Wanda ya yi tsit gaba ɗaya, wuta ce babu.

Sarkin Kafireta:
Ku dakata tukuna kafin ku sa yaro ya farke injin. Ɗan Tsere, lokacin da ya ƙi tashi, ka taɓa kwance fulogi nan take ka dubi bakinsa? A jiƙe yake ko a bushe? Kuma in ka ajiye babur ɗin famfon mai a buɗe, kana ganin ɗigo daga tiyon kafireta?

Ɗan Tsere:
A jiƙe yake, Oga, yana warin fetur. Ɗigo kuwa sai in ya faɗi ƙasa ko na jingine shi a karkace.

Sarkin Kafireta:
Magana ta ƙare. Mai ne ya yi masa yawa ya shaƙe. Injin sanyi yana son mai sosai, don wani kaso na fetur yana mannewa a jikin ƙarfe mai sanyi maimakon ya zama tururi, dalilin da ya sa aka yi cok ke nan. Injin zafi kuwa kaɗan yake so. In kafiretarka tana ba da fiye da kima, da safe ka ji daɗi, da zafi ka sha wuya. Ko allurar fulot ce, mai tsayar da fetur in kwanon kafireta ya cika, ba ta rufewa sosai, ko silo jet, ɗan ramin da ke ba da mai in ba a taɓa totur ba, ya yi girma, ko robar ƙasan cok ta bushe ta daina toshe hanyarta, ka ga kana yawo da cok a ja ke nan ba ka sani ba. A mai bugu biyu kuma man da ya zarce ba duka yake zuba waje ba, wani yana gangarawa ɗakin karanshaf ya taru, duk kik ɗin da ka yi sai ya watso shi kan fulogi. Rabin awar da kake jira, fetur ne yake bushewa.

Gwada wannan: rufe famfon mai, kada ka taɓa cok, murɗe totur har ƙarshe ka riƙe, ka buga da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. In ya fara tari ya tashi da hayaƙi tuli, ka dawo ka ba ni labari.

Hajiya Injiniya:
Sallama gare ku. Na bi maganar tun daga sama, kowa ya ɗauki alama ɗaya ya ja ta ɓangarensa. Turawa ta kama, Baba ya ce rin, Malam Mai Wayarin ya ce kwayil, kuma kowanne yana iya zama gaskiya. Fulogi ya jiƙe, Sarki ya ce kafireta. To amma Sarki, babur ɗin da ba shi da wuta aka yi ta masa kik, man da yake tsotsa ina zai tafi? Ai dole fulogi ya jiƙe. Jiƙewa tana nuna mai yana isowa kuma bai ƙone ba, amma ba ta faɗi abin da ya hana shi ƙonewa ba. Da a bushe aka same shi, da ya rage mana aiki. Haka ma rabin awar nan: a cikinta fetur ke bushewa, a cikinta kwayil ke hucewa, a cikinta man silinda ke komawa kaurinsa. Ba ta raba gardama ba.

Ƙanena, cutar nan da zafi kawai take bayyana, don haka duk awon da za ka yi a injin sanyi lafiya lau zai ce maka. Mintunan farko bayan ya ƙi tashi su ne naka. Ka sa sufanan fulogi, safar hannu da wani busasshen fulogi a aljihu, ka hau shi kusa da inda kayan aikinka suke har ya gasu, ka kashe, ka tabbatar ya ƙi. Nan take ka fara da wuta, don ita ta fi saurin dawowa in injin ya fara hucewa, kuma ba sai ka kwance komai mai wuya ba. Cire hular fulogi, sa busasshen a ciki, manna jikinsa da ƙarfen injin, wani ya buga maka kik kana kallo. Ka nisanta shi da ramin fulogi in ka kwance na ciki, don tururin fetur yana fitowa ta nan kuma yana kamawa. Kada kuma ka buga kik hular tana lilo a iska ba fulogi a jikin ƙarfe, wutar da ta rasa hanya takan huda kwayil ko ta taɓa CDI. In ka gama da wuta sai dabarar Sarki, sannan awon Baba, da sanyi da zafi duka. Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda. In ka canja uku ya tashi, ba za ka san wanne ne ba.

Mai Gardama:
Sayar da shi ka sayi mai bugu huɗu ka huta da wannan hayaƙi.

Baba Bakanike:
Kai kuma daga ina? Mai bugu huɗu na tsere mai kafireta ai shi ya fi yin suna wajen ƙin tashi da zafi, har wani ɗan hannu na musamman aka yi masa da ake ja ya ƙara iska in ya gasu. In bawul ɗinsa ya matse kuwa, ka yi ta kik har dare. Bar yaro da abinsa.

Mai Gardama:
To ya sayi na zamani marar kafireta mana. Tun samfurin 2018 kamfanin KTM yake yin mai bugu biyu da ke fesa mai da kwamfuta.

Mai Wayarin:
Shi ma yana da kwayil da fulogi da rin, ɗan'uwa. Kafireta kawai aka cire masa.

Ɗan Koyo:
Manya ku gafarce ni, tambaya gare ni. Maigidana ya taɓa nuna min babur da murfin tankinsa ya toshe, yana tafiya sai ya mutu, in an jira sai ya tashi. Ba zai yiwu irinta ba ce? Kuma na ji ana cewa fetur yakan tafasa a kafireta.

Sarkin Kafireta:
Tambayarka ta yi kyau, ƙanena, amma alamominsu sun bambanta. In hanyar iskar tanki ta toshe, mai yana sauka iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai man ya tsaya. Wannan babur a kan tafiya yake mutuwa, yana jan numfashi kamar mai ya ƙare, kuma fulogi a bushe za ka same shi. Da ka buɗe murfin tanki ka ji huci, bayan ɗan lokaci ya tashi. Na Ɗan Tsere kuwa ba ya mutuwa a kan gudu. Duk da haka buɗe murfi ba ya cin lokaci, ya gwada. Tafasar fetur ma gaskiya ce, musamman in tiyon mai ya bi kusa da ƙaton cikin salansa, ko an tsaya cak bayan an daɗe ana hawa a hankali ba iska. Zafin silinda yana bi ya kai kafireta bayan an kashe injin. Amma sai ka yi ta fama da ita a rana mai zafi ne, ba kullum ba.

Mai Hawa Dutse:
Ba wanda ya ambaci sil ɗin karanshaf, robar nan da ke toshe inda karanshaf ya fito daga ɗakinsa. Nawa haka ya yi min, ashe sil ne.

Baba Bakanike:
Ka tuna mana abu mai kyau. Sil biyu ne, kuma kowanne da irin kukansa. Na ɓangaren magineto in ya saki, iska yake tsotsa, haɗin ya yi ƙarancin mai. Za ka ji silo yana hawa da kansa, ko ka saki totur injin ya daɗe bai sauko ba. Wannan shi ne mai haɗari, don shi ke kai fistin ga kamewa. Na ɓangaren kuloci kuwa man giya yake tsotsa, sai hayaƙi mai kauri mai wani irin wari da ba ya raguwa ko injin ya gasu, fulogi ya yi baƙi da maiƙo, man giya ya riƙa raguwa ba ɗigo a ƙasa. Awonsa shi ne a toshe bakin kafireta da bakin salansa, a hura iska kamar 5 zuwa 6 psi, a zuba ido a ga ko allura za ta tsaya na wasu mintuna. In ta sauka sai a bi mahaɗai da ruwan sabulu a nemi kumfa. Kada a zarce da hurawa, sai ka turo lafiyayyen sil daga mazauninsa. Yaro, silonka yaya yake? Man giya yana raguwa?

Ɗan Tsere:
Silo yana zaune daidai, Baba, yana saukowa da wuri. Man giya ma yana nan yadda na zuba.

Baba Bakanike:
To ajiye maganar sil a gefe. Amma in ka cire kafireta, ka zaro gidan rid, wato bawul mai 'yan harsuna da ke barin mai ya shiga injin ya hana shi komawa, ka ɗaga shi saitin haske. 'Yan harsunan nan su kwanta lif. In gefensu ya gutsure ko kana hango haske ta ƙarƙashinsu, suna mayar da mai baya a lokacin kik.

Mai Gardama:
Ni a ganina 2T ne ya yi yawa. Ya mayar da shi 50:1, ya sa fulogi mai zafi, jiƙewa ta ƙare.

Hajiya Injiniya:
A'a, Malam, wannan shawarar tana iya jawo asara. 40:1 mililita 25 ne na 2T a litar fetur, 50:1 kuma mililita 20. Ramin jet bai san bambanci ba, adadin ruwa ɗaya yake wucewa. In ka rage 2T, fetur ne ya ƙaru a cikin abin da ya wuce, wato haɗin ya ƙara yawan mai ke nan, ko da kaɗan ne, kuma ka rage wa fistin da boris abin da ke kare su. Ya tsaya a kan abin da littafin babur ɗin da kwalbar man suka ce. Fulogi kuma, a lambobin kamfanin NGK ƙaramar lamba ce mai zafi, BR8ES ya fi BR9ES riƙe zafi. In ka sauko ƙasa da abin da aka rubuta don kawai ka ɓoye jiƙewa, a doguwar hanya da totur a buɗe bakin fulogin yakan yi ja ya kunna mai kafin lokaci, ya huda kan fistin. Jiƙewar ba ita ce cutar ba, a bar ta ta ci gaba da ba mu labari.

Ɗan Tsere:
Na dawo. Na yi yadda Anti Hajiya ta ce. Da ya ƙi tashi na sa busasshen fulogi a jikin injin, akwai wuta, na gan ta da idona, sai dai siririya ce, ja-ja haka. Na buɗe murfin tanki, ba huci. Na rufe mai na murɗe totur na yi ta bugawa, ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru.

Sarkin Kafireta:
Kun ji ko? Wuta tana nan, kuma ya yi tari da aka ba shi iska. Malam Mai Wayarin, sai ka ba ni wuri.

Mai Wayarin:
Sarki, kada ka yi saurin shimfiɗa tabarma. Wutar da ya gani a sarari take, a ratar da ba ta kai milimita ɗaya ba. Iska a sarari tana buƙatar kimanin bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita ɗaya, wannan ko kwayil mai gargara zai bayar. A cikin silinda kuwa an matse iskar ninki da yawa, kuma iskar da aka matse ta fi wuyar hudawa, sai an sami bolt da ya ninka wancan. Shi ya sa za ka ga wuta a waje, ka mayar da fulogi ciki ta ɓace. In kuma bakin fulogin a jiƙe yake, raunanniyar wuta bin jikinsa take yi ta sulale ba ta tsallaka ba.

Ɗan Tsere, launi kaɗai ba ya isa hujja, da rana ma ba a ganinsa sosai. Nemi ɗan abin gwada wuta mai ratar da ake murɗawa, ka buɗe ta milimita 6 zuwa 7. Gwada da sanyi, ka ga yadda take tsallakawa, ka ji ƙararta. Sai ka gasa injin ka sake. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ɗan Tsere:
An gwada, Oga. Da sanyi duk kik sai ta tsallake ratar da ƙara, tas-tas. Da zafi kuwa ko kusa, sai na rage ratar sosai sannan take fitowa, ita ma jefi-jefi. Na kuma sami aron ma'aunin Baba: da sanyi 145 psi, da zafi 135. Sannan na ƙirga sukurun iska na kafireta kamar yadda Sarki ya taɓa koya wa wani, na same shi juyi 3 a buɗe.

Baba Bakanike:
135 a 250 na tsere ba abin alfahari ba ne. Amma gaskiya ba zai hana injin tashi ƙememe ba.

Sarkin Kafireta:
Juyi 3? To ni ma ban faɗi ƙasa ba. A kafiretar mai bugu biyu, Keihin ce ko Mikuni, sukurun nan iska yake bayarwa, buɗewa rage ƙarfin mai ne. Ana farawa daga wajen juyi ɗaya da rabi. In sai da aka buɗe ya wuce biyu da rabi kafin silo ya zauna, silo jet ya yi girma, wani ya yi ta buɗe iska ne yana neman gyara. Ka sauko lamba ɗaya.

Hajiya Injiniya:
Sarki, maganarka tana kan hanya, amma ya bari sai wuta ta gyaru. Ba a saita kafireta a kan raunanniyar wuta, don duk abin da bai ƙone ba zai yi kama da yawan mai. Yanzu abin da aka tabbatar shi ne wutar tana mutuwa da zafi. Saura a san a wace gaɓa, kuma nan ne mutane ke zubar da kuɗi, su sayi CDI tun farko alhali shi ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Mai Wayarin:
Haka ne, Hajiya. Ɗan Tsere, fara da masu sauƙi. Cire wayar maɓallin kashewa daga mahaɗinta, don in datti ko ruwa ya shiga yakan riƙa satar wuta yana kaiwa ƙasa. Kwance kwayil na waje, ka goge inda yake manne da firam har ƙarfe ya yi haske, tsatsa a wurin nan tana hana wuta komawa. Murɗe hular fulogi ka cire ta daga waya ka auna ta da mita. Yawancinsu suna da turjiyar da ta kai om 5,000 a ciki, in ka ga ta haura nesa ko ba ta karantawa, ta mutu. Ka yanke ɗan guntu daga bakin wayar ka sake murɗa hular a sabon wuri.

In duk wannan bai canja komai ba, sai kwayil biyu. Littafin babur ɗinka yana da lambar turjiyar kowanne da launin wayoyin da za ka taɓa, kada ka ɗauki lambar wani babur. Auna da sanyi ka rubuta. Sai ka buɗe murfin magineto, ka bar mita a manne, ka hura wa kwayil zafi da na'urar busar da gashi a hankali kana kallon lamba. Lafiyayye zai riƙa hawa sannu a hankali ba tsalle. Marar lafiya zai yi tsalle, ko ya faɗi kwatsam, ko mita ta nuna waya ta yanke. Ka kuma auna tsakanin wayar da jikin ƙarfe yadda littafi ya nuna, ka girgiza wayoyin inda suke fitowa ta cikin robar murfi, don nan ma suna yawan karyewa a cikin rigarsu. Akwai ɗan ƙaramin kwayil mai gaya wa CDI lokacin sakin wuta, shi ma ka yi masa haka. CDI ba ya aunuwa da mita yadda za a dogara, sai in kowa ya fita lafiya sannan a zarge shi, kuma hanya mafi tabbas ita ce a ari na wani babur irinsa a gwada.

Ɗan Koyo:
Oga, to in kwayil ɗin ya yanke da zafi, me ya sa babur ɗin ba ya mutuwa a kan tafiya?

Mai Wayarin:
Saboda a kan gudu faifan yana juyawa dubbai a minti, kik kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Abin da ya rage na wutar ya ishe shi a can, bai ishe shi a nan ba. Kuma zafin cikin murfin yakan ƙaru ne bayan an kashe injin, lokacin da ruwa ya daina zagayawa iska ta daina bugawa. In aka bar shi haka, wata rana zai fara tsinkewa a kan tafiyar ma.

Ɗan Tsere:
Alhamdu lillahi, an kama shi. Maɓalli, hula da kwayil na waje duk lafiya. Babban kwayil na ciki da sanyi yana cikin lambar littafi. Da na hura masa zafi ya fara hawa daidai, can sai lambar ta fara tsalle, daga nan mita ta nuna ya yanke. Da ya huce ya dawo. Na kuma ga alamar tsatsa da danshi a cikin murfin. Yanzu yaya zan cire faifan? Wani ya ce in buga da guduma ta gefe.

Baba Bakanike:
Wanda ya ce maka haka, kada ka sake ba shi aron sufana. Guduma tana raunana maganaɗisu, tana kuma iya karkatar da karanshaf, ka tashi daga ƙaramin aiki ka faɗa babba. Akwai abin zaro shi na musamman da ake murɗawa a tsakiyar faifan, kuma da yawansu zarensu na hagu ne, kada ka yi ta matsawa dama kana cewa ya ƙi shiga. Kafin ka kwance farantin da kwayil yake kai, yi masa alama da jikin injin, don a wasu babura shi ke saita lokacin wuta. Ka lura da ɗan makullin nan mai siffar rabin wata da ke kan karanshaf, kada ya faɗi, ka duba bai fara yankewa ba. Tunda wurin a buɗe yake, leƙa sil ɗin bayan farantin ko akwai maiƙo, ka kama bakin karanshaf ka jijjiga sama da ƙasa, bai kamata ka ji motsi ba. Danshin da ka gani kuma ta gasket ɗin murfi ko robar waya yake shiga, yawanci wajen wanki da ruwa mai ƙarfi ko tsallaka rafi. In ba ka toshe ba, sabon ma haka zai ƙare.

Ɗan Tsere:
An sa sabo, an canja gasket. Wutar yanzu tana tsallake ratar da zafi kamar yadda take yi da sanyi. Na gasa shi sosai na kashe, ya tashi, amma sai na ɗan taɓa masa totur, kuma bakin fulogin har yanzu ya fi ƙarfin ruwan ƙasa, yana kusa da baƙi. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Sarkin Kafireta:
Amin. Taɓa totur ɗin nan da baƙin fulogi nawa ne. Yanzu da wuta ta tsaya, sauko da silo jet lamba ɗaya, mayar da sukurun iska juyi ɗaya da rabi, gasa injin, ka riƙa juyawa kwata-kwata kana jira, har ka sami inda silo ya fi ɗagawa kuma totur ke amsawa ba shaƙewa. Tunda za ka buɗe kwanon kafireta, duba bakin allurar fulot ko ya yi zobe, ka auna tsayin fulot da littafi.

Mai Wayarin:
Hajiya, ki shaida dai wa ya ci.

Hajiya Injiniya:
Kwayil ne ya hana shi tashi, wannan mita ta faɗa. Amma da matsinsa cikakke ne, silo jet kuma daidai, da wataƙila raunanniyar wutar ta ci gaba da tayar da shi na wani lokaci ba wanda ya sani.

Baba Bakanike:
Ku yi ta rabon nasara. Yaro, 135 ɗin nan tana nan tana jiranka. Cire salansa ka haska fitila ta ƙofar hayaƙi, ka juya injin a hankali ka dubi gefen fistin. In ka ga zane-zane a tsaye, ko baƙi ya sauko ƙasa da rin, buɗe kai. Sa rin ɗin shi kaɗai a cikin silinda, ka daidaita shi da kan fistin, ka auna ratar bakinsa da ma'aunin rata ka gwada da iyakar da littafi ya sa. Silindar irin waɗannan yawanci wani siririn shafi mai tauri da ake kira Nikasil gare ta a ciki, ba a yi mata bori, wato faɗaɗa raminta, irin na silindar ƙarfe, don haka ka duba ko shafin bai ɓare ba kafin ka sayi fistin. Ka turo hoton abin da ka gani ta ƙofar hayaƙin tukuna.